Uwata, Kada Ki Ce Mana "Da Sauƙi"

Uwata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki, ina gaida goggonki da kike zaune a wurinta a Daura, da maigidanta da yara. Ina fatan takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya. Mu nan lafiya lau, mahaifiyarki da ƙannenki suna gaishe ki. Allah Ya tsare ki a inda kike, Ya tsare ki a tafiyar da ke gabanki, Ya sauke ki a hannun mutanen kirki.

Kin san ni ba mutumin rubutu ba ne. Hannun da ya saba da igiyar shanu biro nauyi yake yi masa, sai ki yi haƙuri da karkatattun layukan nan. Da na kira ki a waya, amma na san yadda za ta kaya: ki gaishe ni, in tambayi aiki, ki ce alhamdu lillahi, mu kashe. Sunan mahaifiyata gare ki, shi ya sa tun kina zanen goyo ban taɓa kiranki da wani suna ba sai Uwata, kuma mutum ba ya iya zaunar da uwarsa ya yi mata faɗa ido da ido. A takarda kuwa zan iya.

Ran Asabar za ki bi abokan aikinki zuwa Kudu, inda za ku auna doguwar hanyar kankaren da kika ba mu labari. Kafin nan akwai magana tsakanina da ke, kuma ba zan ajiye ta sai ƙarshe ba. Maganar kankaren Kwarin Tsamiya ce, wanda ya haɗa garinmu da titin Sandamu. Ranar da kuka auna shi, Dagaci ya tambaye ki a gaban jama'a, "To Injiniya, yaya hanyar tamu?" Kika dube ni, kika sunkuyar da kai, kika ce, "Ranka ya daɗe, da sauƙi." Kowa ya yi hamdala aka watse. Yanzu na san akwai kogo a ƙarƙashin kankaren nan. Na san kin sani, na kuma san saboda ni kika haɗiye maganar. Manyan motoci suna hawa kansa duk ranar kasuwa, ga damina ta ƙarato. Ina so ki zo ran Juma'a ki gyara amsar nan kafin ki tafi. Sauran abin da zan rubuta dalilaina ne, da wasu kurakurai da na tafka a rayuwa, ko za su rage miki hanya.

Bari in fara da ranar kanta, don har yau ban gama mamakinta ba.

Ni na jawo ku. Da na ji kuna aiki a babban titi kusa da mu, na ce ki roƙi shugabanku, Injiniya Lawal, ku biyo da kayanku ku ga yadda ake aiki. Alfahari ne, ba wani abu ba. Ni na shugabanci gayyar da ta zuba kankaren nan, kina firamare lokacin. Kafin shi, da ruwa ya sauka kwarin ya kawo, gari ya yanke ke nan. Mai naƙuda a kan amalanke sai a tsaya da ita a bakin ruwa ana addu'a. Muka tara yashi da tsakuwa, mata suka yi ta jido ruwa, aka sa bututun kwalbati a tsakiya, aka zuba kankare gida-gida kamar fangalin lambu. Tun daga lokacin in na yi baƙo, kafin ya gama shan fura na ja shi ya je ya gani. Mahaifiyarki takan ce duk cikin 'ya'yana kankaren nan ne ɗan lele.

Na ɗauka da diga za ku zo. Har na tanadi faɗan da zan yi da duk wanda ya ɗaga ƙarfe a kansa. Sai ga ku kun sauko da wata aba mai tayoyi kamar baro, da ɗan gilashi irin na talabijin a jikin mariƙinta. Na tambaye ki sunanta kika ce rada. Ni raɗa kunnena ya jiyo mini, kuka yi ta dariya ke da abokan aikinki. Amma da kika yi mini bayani sai na ga ban yi nisa da gaskiya ba.

"Baba, saƙo take aikawa cikin ƙasa," kika ce, "irin wanda rediyo ke kamawa, ido ba ya ganinsa. In ya bugi kankare wani sashe ya dawo. In ya kai ƙasar da ke ƙarƙashi wani ya dawo. In kuma ya tarar da iska ko ruwa a inda ya kamata a ce ƙasa ce, dawowarsa daban take. Mu dawowar muke karantawa."

To ai raɗar ke nan. Ta yi wa ƙasa magana a kunne, ƙasa ta mayar mata, mu da ke tsaye ba mu ji komai ba.

Kika tura ta a hankali, na bi ki ina leƙen gilashin. Ni dai zane-zane nake gani, fari da baƙi, babu kai babu gindi. Sai kika sa yatsa a kan wasu 'yan tudu-tudu da ke jere kika ce, "Ga rodinku nan." Uwata, rodin nan da hannuna na ɗaure shi da waya, a tsakar rana, ni da marigayi Malam Audu magini. Muka zuba siminti a kai, na ɗauka ni da ganinsa har abada. Ga shi 'yar da na saɓa a kafaɗa tana nuna mini shi ɗaya bayan ɗaya, ko karce kankaren ba ta yi ba. Har wurin da ƙarfe ya kusa ƙare mana muka buɗa tazara kin gani, kika yi murmushi kika ce, "Nan kun ɗan yi tsimi." Na ce a raina, in bawa da 'yar na'urarsa ya iya ganin abin da aka binne haka, ina ga Wanda Ya halicci bawan? Na yi tasbihi a fili, mutane suka ɗauka murna ce.

Sai kuma ɗaya na'urar da mota ke ja a baya. Ta sauke wani faifan ƙarfe a kan kankaren, da wasu ƙananan abubuwa a jere suna taɓa ƙasa, waɗanda kika ce su ne kunnuwanta. Ta ɗaga nauyi ta sake shi, dum, har a tafin ƙafata na ji. Kika ce kwaikwayon tayar babbar mota take yi, kunnuwan kuma suna auna yadda kankaren ya duƙa.

Na ce, "Kankare yana duƙawa?"

"Yana duƙawa, Baba. Bai kai kaurin farce ba, amma tana ji. Wanda ke zaune daram a kan ƙasa kaɗan yake duƙawa. Wanda babu abin da ya tokare shi ta ƙasa ya fi."

Shekara da shekaru ina taka abin nan ina cewa ko giwa ba ta motsa shi, ashe duk motar da ta wuce sai ya rusuna mata. Na tsaya ina kallonki cikin hijabi da rigar aikinku mai ƙyalli, kina karanta lambobi kina gyaɗa kai, sai na tuna ranar da na kai ku rijiyar Kusugu kuna ƙanana. Ƙannenki suna ta rububin shan ruwa, ke kin maƙale kina leƙe kina tambayata me ke ƙarƙashin ruwan. Na ce miki ƙasa. Kika ce to me ke ƙarƙashin ƙasar? Na ce ki yi mini shiru.

Na ƙarshen shi ya fi ba ni dariya: sarƙa. Sarƙa zalla, irin wadda muke ɗaure ƙyauren motar shanu da ita. Bayan duk waɗannan na'urori sai ga injiniyoyi suna jan sarƙa a ƙasa suna kasa kunne. A tsakiyar hanya ƙararta siririya ce mai kaifi. Da kuka matso gefen da ruwa ke fita daga kwalbati, wajen kusurwoyin gidajen, sai muryarta ta yi kauri. A nan kika daina murmushi. Kika karɓi gwangwanin jan fenti kika yi ta zana alama a wuraren. Na ji Injiniya Lawal ya ce miki ƙasa-ƙasa, "Garinku ne, bakinki ya fi dacewa," ya tafi wajen mota. Ni a lokacin girmamawa na ɗauke ta, har na ƙara gyara zaman hulata.

Na koma gida ina ta zuba labari, mahaifiyarki tana zuba mini tuwo. Na ce, "Injiniyoyi sun auna ciki da waje, 'yarki da bakinta ta ce da sauƙi." Ta ajiye marar da ke hannunta ta dube ni.

"Alhaji, mai lafiya ake ce wa da sauƙi?"

Na tsame hannuna daga tuwon. Washegari da hantsi na ɗauki taɓaryarta na cusa a buhu, don kada a ga dattijo yana ratsa gari da taɓarya a kafaɗa, na nufi kwarin. Na buga a tsakiya, ƙara ta mutu nan take. Na je kan jan fentinki na buga. Uwata, na san wannan ƙarar. Ita ce rumbu ke yi a ƙarshen bazara, in ka ƙwanƙwasa shi hatsi ya ƙare. Na zauna a gefen kwalbatin.

A zaune a wurin na gane kuskurena na farko, kuma shi ya fi ban haushi don a gaban idona ya yi ta faruwa. Duk damina, in an yi ruwa babbar mota ta hau, sai ki ga ruwa ya yi tsartuwa ta layukan da suka raba gida da gida, da taɓo a cikinsa. Ni kuwa nakan kira mutane su zo su gani. Nakan ce, "Ku duba, namu ba ya shan ruwa, tofar da shi yake yi!" Ranar awon ma kin tambaye ni ko muna ganin haka, na amsa miki da fara'a kamar kin tambayi lafiyar amaryata. Sai da na zauna da taɓarya a hannu na tuna launin taɓon. Ja ne. Yashin Kwarin Tsamiya kuwa fari ne tas. Jar ƙasa mu muka jido ta da jakuna daga bayan gari muka shimfiɗa a ƙarƙashi kafin a zuba siminti. Ashe abin da nake tafa wa hannu ƙasarmu ce take fita. Ruwa ya shiga ta layin, mota ta danna, ruwan ya fito da ɗan abin da ya ɗebo, wanda bai fi cokali ba. Gobe ma haka, baɗi ma haka, babu ƙara babu gaggawa, har ya yi ɗaki a ƙarƙashin abin da garin nan duka ya taru ya gina, saman kuwa sumul ko tsaga babu. Ban san lokacin da na ce Allahu Akbar ba. Ruwan da muke wanke hannu da shi ne fa.

Saboda haka, in kin je can, abin da ya fi faranta miki rai a jikin aiki shi za ki fara ɗora wa na'ura. Ni da taɓon nan ya ɓata mini rai da tuni na tambayi dalilinsa. Daɗinsa na ji, shi ya sa ban taɓa sunkuyawa na duba launinsa ba.

Kuskure na biyu kin sha jin mahaifiyarki tana yi mini gori a kansa. Farkon zamanmu, ita da ƙawayenta suka yi wa ɗakina daɓe, sun yini suna bugu suna waƙa, ya fito yana sheƙi. Wata rana na taka wani wuri na ji kamar ya yi rauni. Na ce gara ce. Ban tambayi kowa ba, ban ƙwanƙwasa na ji iyakar wurin ba, na ɗauko galma na hau fasawa. Sai da na tone rabin ɗaki na tarar da ramin ɓera, wanda tafin hannu zai rufe. Da ta shigo ta ga ɓarnar, ta ɗauki madaɓinta ta miƙo mini ta fita. Na gano abin da nake nema, amma ɗakin bai sake yin kyan farko ba.

Shi ya sa sana'arki ta cika mini ido. Akwai ladabi a cikinta. Kuna tambayar hanya abin da ke damunta ba tare da kun ji mata ciwo ba, motoci na wucewa ta gefe, ku gama ku tafi kamar ba ku zo ba. Ki ɗauki wannan ladabin ki yi zama da mutane da shi. Za ki zauna da waɗanda ba yarenku ɗaya ba, ba abincinku ɗaya ba. Wani zai yi miki abin da za ki ji kamar akwai rami a ƙarƙashinsa. Kada ki ɗauko galma irin ta ubanki. Ki tambaya a hankali, ki saurari yadda amsar ta dawo, ki sake tambaya wata rana ta wani gefen. Sau da yawa za ki tarar ramin ɓera ne, kuma gobe da mutumin za ki shiga mota ɗaya.

Na uku gajere ne. Ina saurayi, farkon fitata fatauci ni kaɗai, na sayi wani bijimi a wajen garin Babban Mutum. Cikinsa ya cika ya batse, na ga nama tsaye da ƙafafunsa. Ashe kanwa aka ba shi ya lasa, ya sha ruwa har ya kusa fashewa. Kafin mu iso gida ya fitsarar da ƙibarsa a hanya, na shigo gari da ƙashi da fata, kawuna yana dariya har da hawaye. Shi ya koya mini in ido ya gani hannu ma ya taɓa, a gindin wutsiya da haƙarƙari, sannan a kora dabbar a ga tafiyarta. Na lura ku ma haka kuke yi. Kin gaya mini radar taku takan ruɗe in ƙasa ta jiƙe ko laka ta yi yawa, shi ya sa kuke ƙarawa da mai dukan nan, ku ƙara da sarƙa, in duk sun nuna wuri ɗaya sannan ku huda ɗan rami kamar yatsa ku leƙa. Kada ki bar wannan, ko ana yi miki gaggawa. A Kwarin Tsamiya dai ina tsaye, duka ukun wuri ɗaya suka nuna, na huɗu kuma taɓaryar mahaifiyarki.

Yanzu na zo kan kalmar taki.

Ba na zaginta. "Da sauƙi" kalma ce mai kyau, da ita aka raine mu. Mutum yana kwance ba ya ko iya ɗaga kai, ka tambayi jikinsa a ce maka da sauƙi, kai ma ka ce Allah Ya ƙara sauƙi. Ba ƙarya ake yi ba. Fata ake yi, ana kuma jin kunyar kai ƙarar Ubangiji wurin bayinSa. In kin je duba marar lafiya, ko aka tambaye ki jikin wani a bakin hanya, ki faɗe ta, haka mutanen kirki ke yi. Amma kowa ya san gaisuwa ce. Wanda ya ɗauke ta labari shi ya so.

Ni na taɓa ɗaukarta labari. Na bar mahaifiyata ba ta jin daɗi na tafi Kudu da shanu, lokacin babu wayar hannu. Muna can kasuwa ta yi nauyi, shanu ba su fita ba. Sai ga wani direban garinmu ya iso da lodi. Na tare shi tun bai kashe mota ba na ce, "Yaya jikin Inna?" Ya sauko yana duba tayarsa, bai dube ni ba, ya ce, "Da sauƙi, Alhaji." Na san mutumin nan, ba mai duba taya ba ne in yana gaida babba. Na ga hakan sarai. Amma abin da nake so in ji ke nan, don in zauna in ƙarasa sayar da shanuna. Na zauna. Ranar da na dawo, tun daga bakin layi na hango tabarmi a ƙofar gida da mutane zazzaune. An riga an kai ta. Ban taɓa riƙe direban nan a raina ba, abin da aka koya masa ya faɗa. Shekarar da ta biyo baya aka haife ki, na sa miki sunanta.

Ran nan a gaban Dagaci, da kika dube ni kika sunkuyar da kai, irin duban tayar nan ne. Ni kuma na sake yin abin da na yi a Kudu: na karɓa da hannu biyu na tafi gida ina murna. Da tsufana, da furfurata. Abin ya ba ni tsoro, Uwata, kuma ya ba ni kunya.

Na san abin da kika gani. Kin ga ubanki a tsaye cikin babbar riga, shi ya gayyato ku, duk gari na kallonsa, aikin da ya fi so a duniya yana ƙarƙashin ƙafarsa. Kika ga ba za ki iya zubar masa da mutunci a nan ba. Na gode. Wallahi na gode, kuma har na mutu ba zan manta an taɓa tausaya mini haka ba. Tarbiyyar mahaifiyarki ce, ban ga laifinta ba. Sai dai Dagaci ba gaishe ki ya yi ba. Tambayarki ya yi, don ke kaɗai ce a wurin Allah Ya ba idon ganin ƙarƙashin kankare. Mu duka makafi ne a kansa. In mai ido ya yi mana kara, to wa zai faɗa mana?

Can inda za ki, za ki haɗu da manya waɗanda suka fi ni riga, suka fi ni son a ce aikinsu lafiya lau. Za su tsaya a kanki suna murmushi suna jiran amsa. In kin saba da sunkuyar da kai tun daga gida, can ma za ki sunkuyar, kuma hanyar can ba amalanke da motar kasuwa kaɗai ke binta ba. Ki faɗi abin da na'ura ta nuna, da ladabi, da "ranka ya daɗe" ɗinki, ba tare da ɗaga murya ba. Inda ba ki tabbata ba ki ce ba ki tabbata ba, a sake awo. Amma inda kika ga kogo, ki kira shi kogo. Ina ganin in kika iya faɗinsa a gabana, babu wanda zai ƙara yi miki kwarjini a wannan aikin.

Na ji kina gaya wa ƙannenki cewa in an gano irin wannan da wuri ba sai an rushe ba. Akan huda ƙananan ramuka a tura kunun siminti da ƙarfi ya cike kogon, a toshe layukan da ruwa ke shiga, kankaren ya koma ya zauna. Wannan ma abin mamaki ne, a yi wa hanya ɗura kamar jariri. Ban sani ba ko namu ya wuce nan. Ke za ki faɗa. In na ɗura ne, mu nemi yadda za a yi. In na fasawa ne, ki ce na fasawa ne, kada ki rage komai saboda ni. Garin da ya taru ya zuba shi yana nan, jakuna ma ba su ƙare ba.

Jiya Laraba kasuwa ta ci. Ɗanlami direba ya kawo mota za a loda shanuna a kara kamar kullum, na ce a'a, ya fita da ita wayam ya jira a bakin titi. Muka koro shanun da ƙafa ta cikin yashin kwari, ana kallonmu ana dariya. Wani ya ce Alhaji ya fara rowar kankarensa, ba ya so a tsufar masa da shi. Ban kula ba. Ina tsaye a wurin sai ga motar Alhaji Ado ta taho da lodin gero har sama, da mutane zaune a kan buhunan, mata da goyo a cikinsu. Na ɗaga hannu na tare ta. Na ce ya sauke mutanen ko su taka da ƙafa, ya rage lodin, akwai rami a ƙarƙashi.

Alhaji Ado ya leƙo ta taga yana dariya ya ce, "Haba Alhaji! 'Yarka injiniya da na'urorinta ta ce da sauƙi, muna tsaye muka ji. Kai da me ka auna?"

Me zan ce masa? In ce da taɓarya?

Motar ta hau. Na ga tayar baya ta bi ta kan jan fentinki, a hankali, tana nishi. Ban san lokacin da na fara salati da ƙarfi ba, har ta sauka ɗaya gefen. Wata yarinya a saman buhunan tana ɗago mini hannu.

Uwata, maganata ba ta iya ture taki a garin nan. Da can tana iyawa, yanzu ba ta iyawa, kuma ba na baƙin ciki da hakan, abin da na yi ta roƙon Allah ke nan tun ranar da na kai ki makaranta. Amma kalmar da kika ajiye tana nan tana aiki, ke kaɗai ce za ki iya ɗauke ta. Na je wurin Dagaci na roƙe shi ya tara mutane a ƙofar gidansa bayan an sauko daga Juma'a. Ya tambaye ni lafiya, na ce Injiniya ce ba ta gama bayani ba. Ɗanlami zai zo ya ɗauko ki da safe, shi ne zai miƙa miki takardar nan. Ki zo da hoton da na'urar ta ɗauka ki nuna musu, ko ba za su gane zanen ba. Zan zauna a sahun gaba kusa da Alhaji Ado. In kin ga dama ki dube ni, ba zan sunkuyar da kai ba. Laraba mai zuwa ma kasuwa za ta ci, kuma lokacin kina Kudu.

Allah Ya yi miki albarka, albarkar da ba ta yankewa. Ya kai ki lafiya, Ya dawo mana da ke lafiya. Ya tsare ki daga sharrin hanya, na samanta da na ƙarƙashinta. Ya ƙarfafa harshenki a inda gaskiya ta yi nauyi. Ya jiƙan mai sunanki. Ya tsare duk wanda zai hau Kwarin Tsamiya daga yau zuwa Juma'a.

Wassalam.

Mahaifinki,
Alhaji Mamman